Tayi a Rufe: Cinikin Ɗakunan Otal a Garin Orlando

(Kiɗan buɗe shiri)

Wannan shirinmu ne na faɗakarwa kan kasuwanci da tafiye-tafiye. Yau za mu ƙetare teku zuwa jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, mu sauka a garin Orlando. Akwai wani ciniki da ya yi tashe a can, inda mutum zai taya ɗakin otal ta intanet, a cire kuɗi daga katinsa, sannan a gaya masa sunan otal ɗin da ya saya. Kun ji dai da kyau: sai an sallama, kuɗi sun fita, kafin a buɗe masa suna. Wasu sun kwana a manyan otal da rabin kuɗi ta wannan hanya. Wasu kuma sun wayi gari a ɗakin da ba za su iya mayarwa ba, nesa da inda suka zo gani. Abin da ya raba waɗannan da waɗancan shi ne zancenmu na yau.

Mu fara da garin kansa, don sai an san kasuwa ake sanin farashinta. A shekarar 1955 Walt Disney ya buɗe wurin wasansa na farko, Disneyland, a Anaheim ta jihar Kalifoniya. Kafin a ce me, ƙananan otal da gidajen abinci na wasu mutane dabam sun kewaye shi, suna cin ribar taron da shi ya tara. Abin bai yi masa daɗi ba. Da ya tashi gina na biyu a Fulorida, sai ya sayi fili mai faɗin sama da murabba'in kilomita 100, ya kuma saye shi a ɓoye, da sunayen wasu ƙananan kamfanoni, don kada masu filaye su ji sunan Disney su tsawwala. Ashe ɓoye suna don a karya farashi tsohon zance ne a garin. Shi Walt ya rasu a Disambar 1966, bai ga buɗewar ba. An buɗe Walt Disney World ranar 1 ga Oktoban 1971 da wurin wasa ɗaya, Magic Kingdom, da manyan otal biyu, Contemporary da Polynesian.

Daga nan gari ya tumbatsa. SeaWorld ya zo a 1973, EPCOT a 1982, wurin wasan fina-finai na Disney a 1989, Universal Studios a 1990, Animal Kingdom a 1998. A watan Mayun 2025 ma kamfanin Universal ya ƙara sabo mai suna Epic Universe. A shekarar 2018 baƙi miliyan 75 suka shiga Orlando. Yankin yana da ɗakunan otal sama da 120,000, kuma a duk Amurka Las Vegas ce ke gabansa a wannan fanni.

To ga inda matsalar mai otal take. Ɗakin da ba a kwana a cikinsa daren Talata ba, ba za a ajiye shi a sayar ranar Asabar ba. Daren ya wuce da kuɗinsa. Albashin ma'aikata da kuɗin wuta da bashin banki kuwa ba su san ɗaki ya kwana babu kowa ba. Don haka ko dala 80 aka ba shi a ɗakin dala 200, ya fi masa kwanan banza, tunda abin da zai kashe bai wuce wankin zannuwan gado da sabulu da ladan mai shara ba. Amma ba zai iya kafa allo ya rubuta 80 ba. Ranar da ya yi haka, duk wanda ya biya 200 zai soke nasa ya dawo ya kama a 80, kuma baɗi babu mai yarda da 200.

Kowa ya san direban da ya tashi daga tasha da kujera biyu babu kowa. A cikin tasha ba zai rage ko sisi ba, don fasinja goma sha huɗu na kallonsa. Bari ya wuce ƙofar gari, sai ya ɗauki na bakin hanya a kan abin da ya samu. Abin da masu otal suke nema ke nan: bakin hanyar da za su yi rangwame ba a idon sauran baƙi ba.

Wanda ya gina musu ita wani ɗan kasuwa ne mai suna Jay Walker. A watan Afrilun 1998 ya buɗe shafin Priceline a jihar Connecticut, da tsarin da ya sa wa suna Name Your Own Price, inda mai saye ke faɗin abin da zai biya. Da tikitin jirgin sama aka fara, ɗakunan otal suka biyo baya. Ɗan wasan fim William Shatner ne ya riƙa yi musu talla shekara da shekaru. Sun ma gwada tsarin a kan man fetur da kayan cefane, ya ƙi ci, aka rufe wannan ɓangare a 2000, domin gwangwanin madara ba ya lalacewa don ya ƙara kwana a kanta. A shekarar 2000 ɗin ne kuma wasu manyan kamfanonin jiragen sama shida suka sa hannu aka kafa kishiya, Hotwire, wadda yanzu take ƙarƙashin kamfanin Expedia. Nata salon dabam ne: tana nuna farashi a fili, sunan otal ne kawai take rufewa.

Bari in kwatanta muku yadda tayin Priceline yake a lokacin da yake ganiyarsa, daki-daki. Mutum zai shiga shafin, ya sa ranar sauka da ranar tashi. Sai taswirar Orlando ta fito an yanka ta yanki-yanki: ga kewayen Disney, ga na Universal, ga titin International Drive, ga Kissimmee, ga bakin filin jirgi, ga tsakiyar gari. Ya zaɓi yanki. Ya zaɓi darajar otal, tauraro uku ko huɗu ko fiye. Sai ya rubuta abin da zai biya a dare ɗaya, ya sa lambar katinsa, ya amince da sharuɗɗa, ya danna. Cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka amsa ta dawo. In an sallama, an cire kuɗin duka nan take, ga sunan otal, babu soke ciniki, babu sauya rana, babu mayar da ko kwabo. In an yi albarka, ba zai sake taya wannan yanki da wannan daraja a waɗannan ranaku ba sai bayan awa 24.

Akwai abin da mutane da yawa ba su gane ba, kuma shi ne ƙashin bayan zancen. Wannan ba gwanjo ba ne. Ba ka takara da kowa, babu kuma wani manaja da ke zaune yana duba tayinka yana shafa gemu. Tun da farko otal ya riga ya ba shafin farashin sirri, a ce dala 75. Kwamfuta ce kawai ke duba ko tayinka ya kai. In ka taya 70, albarka. In ka taya 82, an sallama. In kuma zumuɗi ya ɗebe ka ka taya 120, nan ma an sallama, rarar ta zama ta dillali, kai kana murna ka yi araha. Jiran awa 24 ɗin nan an sa shi ne don kada ka fara daga dala 40 kana ƙara ɗai-ɗai har ka taka daidai kan farashin sirrin. An san mai gaggawa ba zai jira ba, zai zuba da yawa tun karon farko.

Amma matafiya ma ba a bar su a baya ba wajen dabara. Doka ta ce za ka iya sake tayi nan take in ka ƙara wani yanki a kan na farko. Sai suka lura cewa akwai yankunan da ba su da otal mai tauraro huɗu ko guda. A ƙaddara kana son mai tauraro huɗu a kewayen Disney. Ka taya 70, an ƙi. Sai ka ƙara wani yankin da mafi girman otal ɗinsa tauraro uku ne, ka ɗaga zuwa 75. Tunda huɗu ka nema, ba yadda za a yi a kai ka can, ka dai samu damar sake tayi a kyauta. An ƙi, ka ƙara wani irinsa, ka ce 80. A gari mai yankuna da yawa kamar Orlando, mutum kan samu irin wannan dama sau da dama a zama ɗaya. Hatsarin kuwa shi ne wanda ya yi aiki da tsohon labari. In an buɗe sabon otal mai tauraro huɗu a yankin da ya ɗauka babu, sai ya ji an sallama masa ɗaki a bakin filin jirgi, tafiyar wajen kilomita 30 daga ƙofar da 'ya'yansa ke son shiga kowace safiya.

Masu sauraro, wannan salon tayi yanzu ya zama tarihi. Priceline ya janye shi daga tikitin jirgi a 2016, motocin haya da otal suka bi baya. Wayar hannu ce ta kashe shi: mai kama ɗaki yana tsaye a layi ba shi da haƙurin taya da jira. Kamfanin ma ya sauya alƙibla tun da ya sayi Booking.com a 2005 da Agoda a 2007, har ya koma amsa sunan Booking Holdings a 2018. Sai dai cinikin a rufe bai mutu ba, riga ya sauya. Priceline na da Express Deals, Hotwire na da Hot Rate, dukansu farashi a buɗe, suna a rufe, kuɗi ba sa dawowa. Akwai kuma wani salon da ake nuna maka otal uku, a ce ɗaya daga ciki za ka samu, amma ba kai za ka zaɓa ba. Duk abin da zan faɗa daga nan ya shafi waɗannan.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Tambayar da nake so kowa ya riƙe ita ce: rangwamen nan, a madadin me aka ba ka shi? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka sayar musu da 'yancinka na zaɓen otal, ka sayar da 'yancinka na fasa tafiya, su kuma suka biya ka da ragin farashi. Ga ɗan kasuwar da zai kwana ɗaya a Shikago ya kama jirgin asuba, wannan ciniki ne mai kyau. Gado gado ne, ina ruwansa da suna. A Orlando lissafin ya sha bamban, domin a can ba gado kawai ake saye ba. Sunan da aka rufe ɗin nan, shi ne ke ɗauke da rabin abin da ka zo nema.

Ga dalili. Kamfanin Disney na da otal nasa na kansa sama da 20 a cikin filinsa, ya kasa su mataki-mataki. Akwai na masu ƙaramin ƙarfi irin su All-Star da Pop Century, akwai na tsaka-tsaki irin su Caribbean Beach da Coronado Springs, akwai na manya irin su Grand Floridian da Animal Kingdom Lodge, inda daga barandar wasu ɗakuna kake hango raƙumin dawa na kiwo. Wanda ya sauka a cikinsu yana hawa bas da jirgin ruwa da jirgin ƙasa mai tafiya kan doron gada kyauta, tun 2019 kuma ga kekunan da ke tafiya a sama kan igiya. Tun Oktoban 2021 ana barinsa ya shiga wuraren wasa minti 30 kafin sauran jama'a. Kada ku raina minti 30. A wurin da layin wasa ɗaya kan kai awa biyu da hantsi, wanda ya riga taro shiga ya gama biyu kafin na waje ya wuce masu binciken jaka.

Na Universal ya ma fi fitowa fili. Manyan otal ɗinsa uku, Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific, duk wanda ya sauka a ciki ana ba shi izinin bin gajeren layi a tsofaffin wuraren wasansa biyu, iyakar yadda yake so. Wannan izini in saye za ka yi a lokacin cunkoso, na mutum ɗaya a rana kan haura dala 100. Mai iyali huɗu ya lissafa da kansa. In ya kauce wa ɗayan waɗannan otal don ya rage dala 90 a wani ɗakin da ba a faɗa masa sunansa ba, ya ci riba ko ya faɗi?

Sai kuma tarkon kalmar "kusa". Yankin da shafi ya kira kewayen Disney ya haɗa otal da ke cikin filin da waɗanda ke can bakin babbar hanyar I-4, wadda ta yi suna wajen cunkoso. Dukansu kusa ne a taswira. Ɗaya ka taka da ƙafa, ɗaya kuma motar otal ɗin sau biyu ko uku take tashi a yini, in ta wuce ka sai tasi. Alhazanmu da ke kama masauki ta Booking.com ko Agoda lokacin Umara ba sa bukatar in yi musu dogon bayani a kan abin da "kusa" ke iya nufi a shafin intanet.

Akwai otal biyu da masu wannan ciniki suka daɗe suna farauta, Swan da Dolphin. A cikin filin Disney suke, amma ba na Disney ba ne, kamfanin Marriott ke tafiyar da su a yanzu. Mai zanen gine-gine Michael Graves ne ya tsara su, aka buɗe su a 1990, da manyan gumakan tsuntsu da kifi a kan rufinsu, ana hango su daga nesa. Ɗakunansu sun haura 2,200, kuma manyan taruka na kamfanoni ne ke cika su. Makon da babu taro, ɗaruruwan ɗakuna na zaune, shi ya sa suke yawan faɗowa cikin cinikin a rufe. Daga nan da ƙafa kake zuwa EPCOT, ko ka hau jirgin ruwa, kuma baƙinsu ma na samun shigar wuri ɗin nan ta minti 30. Wanda ya dace da su da rangwame ya dace. Amma su ne kuma za su kai mu ga babban ramin da ke cikin wannan harka, wato kuɗin da ba a cikin farashin farko suke ba.

Otal da yawa a Orlando na karɓar wani kuɗi na dole kowane dare, a rasit za ka ga an rubuta resort fee. Wai kuɗin wurin ninƙaya ne da intanet da ɗakin motsa jiki. Ko ka yi amfani da su ko ba ka yi ba, sai ka biya, kuma a teburin karɓar baƙi ake karɓa, ba ya cikin abin da shafi ya cire. A ganina wannan ba komai ba ne illa raba farashi biyu don rabin farko ya yi kyan gani. Hukumomin Amurka ma sun gaji da shi: tun Mayun 2025 hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta wajabta a nuna jimlar kuɗin dole tun a farashin farko. Dokar ba ta hana karɓa ba, nunawa kawai ta tilasta. Kuɗin ajiye mota kuwa yana nan gefe, haka ma haraji, wanda yake kashi 12.5 cikin 100 a gundumar Orange da Orlando ke ciki, 13.5 a gundumar Osceola da ke maƙwabtaka.

Ku ɗauko biro mu yi lissafi. Alƙaluman misali ne na ƙaddara, amma tsarin haka yake. Magidanci zai yi dare biyar. Ya ga ɗaki a rufe, tauraro huɗu, dala 140 a dare. Sau biyar, 700. Haraji, 88. Ya isa, aka ce kuɗin dole dala 40 a dare, da harajinsa ya kama 225. Ajiye mota a otal dala 30 a dare, 150. Kullum ya tuƙa zuwa wurin wasan Disney sai ya biya a ƙalla dala 30 na ajiye mota a can, kwana huɗu, 120. Jimla 1,283. Yanzu ga maƙwabcinsa da ya kama otal ɗin Disney kai tsaye a dala 220. Sau biyar 1,100, da haraji 1,238. Otal ɗin Disney ba sa karɓar wancan kuɗin dole, kuɗin ajiye mota da suka ɗora a 2018 sun janye shi a Janairun 2023, kuma baƙonsu ba ya biya a ƙofar wurin wasa. Mai 140 ya fi mai 220 kashe kuɗi da dala 45, ga shi kuma ba ya iya fasawa.

Kada a ce na kushe abin gaba ɗaya. Juya misalin. In ɗakin 140 ɗin nan ya faɗo a otal da ba ya karɓar kuɗin dole, ajiye mota kuma kyauta, jimlarsa 908 ce, ya tsira da dala 330. Kuɗi ne masu kauri. Bambancin waɗannan biyu ba sa'a ba ce, karatu ne. Shafukan na rubuta a ƙananan haruffa ko akwai ƙarin kuɗin da za a biya a otal, tun kafin ka danna. Mai karanta ƙananan haruffa shi ke cin ribar wannan kasuwa.

Kuma sunan da aka rufe, ba rufewar kirki ba ce. Shafin zai nuna maka yanki, da yawan taurari, da makin da baƙi suka ba otal ɗin, da kimanin yawan masu ba da makin, da jerin abubuwan da yake da su. Buɗe wani shafin na otal masu suna a fili, ka tace da waɗannan alamomi. Otal mai tauraro huɗu a wannan yanki, mai maki kaza, mai wurin ninƙaya da wurin gyaran jiki, mai karɓar kuɗin dole daidai dala kaza, sau da yawa ba su wuce biyu ko uku ba. Ƙa'idata a nan ɗaya ce: dubi mafi muni a cikinsu, ka tambayi kanka ko za ka yarda ka sauke iyalinka a ciki a wannan farashi. In amsar a'a ce, rufe shafin. A kuma sani cewa a Amurka babu wata hukumar gwamnati da ke raba taurari. Kowane shafi da ma'auninsa, mai huɗu a nan yana iya zama uku da rabi a can.

Na san wani zai ce, Malam, wannan ai cinikin biri a sama ne, ya halatta kuwa? Tambaya ce mai kyau. Littattafan fiƙihun Malikiyya sun yi magana a kan sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffantawa, sun kuma yi magana a kan garari, wato jahiltar abin da ake saye. Ko siffar da waɗannan shafuka ke bayarwa ta wadatar, wannan hukunci na malamai ne. Mai shakka ya kai musu tambayar da cikakken bayanin yadda cinikin yake, kamar yadda muka zayyana.

Sai maganar gado, wadda ta fi kowace cin masu iyali. Abin da aka saba lamuncewa a cinikin a rufe shi ne ɗakin mutum biyu manya, kuma otal ne ke zaɓen irin gadon. Ku ƙaddara magidanci ya iso ƙarfe goma sha ɗaya na dare bayan doguwar tafiya, da uwargida da yara uku, ƙaramin yana barci a kafaɗa. Aka miƙo masa katin buɗe ɗaki, ya tarar da gado ɗaya babba. Ya sauko ya roƙa, ma'aikaciya ta duba kwamfuta ta ce masu gado biyu sun ƙare, kuma ko akwai, ƙa'idar kashe gobara ba ta yarda mutum biyar a ɗakin mutum huɗu ba. Uwargida ta dube shi ta ce, "Alhaji, wannan ce arahar da ka kwana kana ba ni labari?" Ba shi da abin cewa, sai ya kama ɗaki na biyu a farashin daren, wanda ya fi kowane tsada. Mai iyali fiye da huɗu, gara ya nemi ɗaki mai falo da kicin da sunansa a fili. Irinsu sun yi yawa a Kissimmee da kewayenta, ga kuma damar dafa abin da aka yarda da shi.

Lokaci ma na da nasa hukunci. Daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara, da makon Ista, da hutun bazara na makarantu, otal ba su da rarar ɗaki, don haka babu abin kirki da zai faɗo a rufe. Rahusa na zuwa ne a ƙarshen Janairu, da kuma daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, bayan yaran Fulorida sun koma makaranta wajen 10 ga Agusta. Wannan ya yi daidai da wutsiyar dogon hutun makarantun Najeriya. Sai dai arahar Satumba da dalilinta. Lokacin guguwar teku ne, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma a tsakiyarsa ya fi ƙarfi. Guguwar Irma a 2017, da Ian a 2022, da Milton a 2024, kowacce ta sa an rufe wuraren wasan Disney. Mai ɗakin da ake iya sokewa ya ɗaga waya ya sauya rana. Mai ɗakin a rufe sai dai ya yi ta roƙo, ko ya dogara da inshorar tafiya in ya saya, in kuma ta ƙunshi guguwa.

Ga masu tasowa daga ƙasashenmu, akwai abin da ya fi guguwa: biza. Tun 2025 Amurka ta yi ta tsaurara dokokin shiga ga 'yan ƙasashen Afirka da dama, kuma dokokin na sauyawa ba sanarwa mai tsawo. Kada wanda ya biya kuɗin da ba sa dawowa alhali fasfo ɗinsa bai dawo hannunsa da biza a ciki ba. 'Yan'uwanmu mazauna can da ke kama wa baƙi ɗaki, ku ma ku kiyaye wannan. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a fara kama ɗakin da ake iya sokewa kyauta, da sunansa a fili. In tafiya ta matso, saura mako biyu ko ɗaya, komai ya tabbata, sai a leƙa na rufe. In jimlarsa, bayan an haɗa komai, ta yi ƙasa sosai, a saya, a soke na farko kafin wa'adin sokewa ya cika. In ragin bai taka kara ya karya ba, a bar shi. Ni dai ragin kashi 10 cikin 100 bai isa in sayar da 'yancin fasawa ba. Kuma wanda ke tara maki a katin zama ɗan gida na Marriott ko Hilton, ya sani ba a ba da maki a irin wannan ɗaki.

Bayan an saya, saura aiki kaɗan. A kira otal ɗin kai tsaye bayan kwana ɗaya, a tabbatar suna ya shiga kwamfutarsu, a karɓi lambar shaidarsu ta kansu, domin ta sha bamban da wadda shafi ya turo. In otal ɗin Disney ne ya faɗo, don yakan faru jefi-jefi, da lambarsu ake haɗa ɗakin da manhajar My Disney Experience. A wannan kiran ne ake roƙon gado biyu cikin ladabi, a kuma sanar da su in jirgi zai sauka cikin dare, kada a ɗauka ba a zo ba. Sunan da ke kan ɗakin ya zama daidai da na fasfo, mai sunan kuma ya kai shekara 21, don otal da yawa ba sa ba wanda bai kai ba. A ƙarshe, a tafi da katin da ke aiki a ƙasar waje, da 'yan kuɗi a ciki. Ko an biya komai, otal zai riƙe wani abu a matsayin jingina ranar sauka, kuma in katin cire kuɗi ne na asusu, yakan ɗauki kwanaki bayan an tashi kafin banki ya sake su.

Nan za mu dasa aya a shirin na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. 

(Kiɗan rufe shiri)